Farin Gari a Jakar Mbah

Da na san abin da ke cikin jakar surukata, da tun a bakin ƙofar asibiti zan tare ta, ko da za ta shekara ba ta yi mini magana ba. Amma ni da kaina na karɓi jakar, na riƙe mata har muka hau bene, na ajiye a gefen gadon 'yata. Har da cewa, "Mbah, jakar nan ta yi muku nauyi."

Sunana Sarmidi. Facin tayar babur nake yi a bakin hanyar kasuwa. 'Yata Sekar shekararta bakwai. Uwarta, Warsiti, tana Taiwan tana kula da wani tsoho, sai dai mu ganta a waya. Tun tafiyarta, mahaifiyarta Mbah Painem, wato kaka Painem, ce ke riƙon yarinyar. Ita ke yi mata wanka, ita ke taje mata gashi, ita ke tashi idan ta yi tari. Ni ma a gidanta nake zaune, shinkafar da ta dafa nake ci. Ban taɓa ɗaga mata murya ba, ban ma san yadda ake farawa ba.

Da damina ta kankama, dengi, wani mugun zazzaɓi da sauro ke yaɗawa, ya shigo unguwarmu, ya kama Sekar. Da zazzaɓin ya ƙi sauka muka kai ta asibitin gunduma, aka kwantar da ita a ɗakin yara, aka ɗaura mata ƙarin ruwa. Likita ta ce trombosit ɗinta na raguwa, wato abin nan da ke cikin jini mai tsayar da shi idan ya fara zuba. Tun ranar farko nas ɗin ɗakin, Mbak Endah, ta tsaya a kanmu ta ce, "Pak, Mbah, ku saurare ni. Maganin zazzaɓi ɗaya kawai za ta sha, farasitamol, kuma mu za mu ba ta, gwargwadon nauyinta. Ko me kuka zo da shi daga gida, ku nuna mini tukuna." A wurinmu Pak ake ce wa magidanci don girmamawa, Mbak kuma ga mace matashiya.

Mbah ta gyaɗa kai ta yi murmushi. A wurinmu tsohuwa idan ta yi wannan murmushin, ta ji ka ne kawai.

Ranar da nake ba da labarinta, da hantsi, jikin Sekar ya sake ɗaukar zafi. Na je teburin nas-nas na faɗa. Mbak Endah ta zo ta taɓa ta, ta duba agogo, ta ce lokacin magani bai yi ba, mu riƙa ba ta ruwa. Da ta fita sai Mbah ta ce mini, "Le, jeka ka sayo mata ruwan gwaiba. Ja za ka sayo, ba fara ba. Kuma kada ka saya a bakin ƙofa, masu bakin ƙofa ruwa suke zubawa." Le take kirana, kamar ɗan da ta haifa, duk da furfurar da ke kaina. Kowa ya san jar gwaiba ake ba mai dengi, don haka na tafi har gaban tashar mota.

Ban jima da dawowa ba Mbak Endah ta turo keken magani. Kamar kullum, ta kama hannun Sekar ta karanta abin da ke ɗaure a wuyan hannunta.

"Yaya sunan wannan kyakkyawar?"

"Sekar Wulandari," in ji yarinyar, da ƙyar.

Mbah ta yi tsaki a hankali. "Kullum sai an tambayi sunanta. Ko musanya yara ake yi a asibitin nan idan mun juya baya?"

"Ai Mbah, ranar da aka musanya muku ita da mai rashin ji, za ku gode mini," in ji Mbak Endah. Matar gadon kusa da mu ta yi dariya. Nas ta auna zafin jiki, ta ɗan ɓata fuska, ta ɗauko kwalbar ruwan magani ta karanta jikinta, ta zuƙa a sirinji marar allura, ta ɗaga sama ta duba layin.

"Ta sha wani abu tun safe?"

"Ruwan gwaiba," na ce.

"Buɗe baki, Nduk," in ji ta, yadda ake lallashin 'ya mace a wurinmu.

Sekar ta kawar da kai. "Ni ba zan sha ba. Ai na sha mai ɗacin."

Hannun Mbak Endah ya tsaya a inda yake. "Wane mai ɗacin?"

"Na Mbah. Na cikin cokali."

Na juya na kalli surukata. Tana ta naɗe tawul ɗin da yake a naɗe.

Mbak Endah ta mayar da sirinjin kan keke. Ba ta ɗaga murya ba. Ta jawo kujera ta zauna daidai da Mbah, ta ce, "Mbah, ku taimake ni. Me kuka ba ta?"

"Puyer ne kawai."

Duk wanda ya raini yaro a ƙasar nan ya san puyer. Ƙwayoyi ne kala-kala ake haɗawa a ɗan turmi a niƙe su zama farin gari, a raba, a ƙunshe a 'yan takardu, saboda yara ba sa iya haɗiyar ƙwaya. A kaɗa a cokali da ruwa da ɗan sukari. Ni ma da shi na girma.

"Daga ina?"

"Na Pak Harjo ne, mantirin ƙauyenmu, malamin lafiyarmu. Shekara da shekaru yana aikin asibiti kafin ya yi ritaya. Shi ya haɗa wa Bagas bara, kwana biyu yaron ya miƙe. Ragowar ce na adana a gwangwanin biskit, ko danshi bai taɓa ba."

"Bagas ɗin wane ne?"

"Jikana, ɗan 'yar uwar Warsiti."

"Sa'an Sekar ne?"

"Ina! Ai wancan ya kusa shiga sakandare. Ƙato ne, ya fi ubansa ci."

Na ga Mbak Endah ta lumshe ido ta buɗe. Ta roƙi Mbah ta nuna mata takardar. Mbah ta zaro wadda ta riga ta zazzage daga cikin zaninta. Fara ce fat, ko ɗigon biro babu a jiki.

"Guda nawa ta sha?"

"Ɗaya," in ji Mbah, tana kallon taga.

Mbak Endah ta miƙe ta fara tura kekenta.

"Mbak," na ce, "maganin fa?"

"Ba zan ba ta yanzu ba, Pak."

"Kamar yaya ba za ki ba ta ba? Ke da kanki kika auna. Taɓa goshinta ki ji!"

"Na ji. Amma ban san abin da ke cikinta ba." Ta nuna farar takardar. "Kusan duk puyer na zazzaɓi akwai farasitamol a ciki. An auna shi ne don yaron da ya kusa ninka ta a nauyi. Idan na ɗora nawa a kai, hantarta ce za ta ɗauki nauyin, kuma dengi ya riga ya gajiyar da hantar. Wannan ke nan. Na biyu, wasu sukan haɗa da ibuprofen ko asfirin. Waɗannan ga mai dengi suna iya jawo zubar jini a ciki. Idan su ta sha, dole likita ta sani yanzu."

"To ki ba ta rabi mana."

"Rabi a kan nawa, Pak?"

Ta tafi ta kira likita a waya. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallon bayanta tana magana tana rubutu, raina kuwa kamar ya fashe. Ga magani a kan keke, an riga an zuƙa, taku kaɗan tsakaninsa da bakin 'yata, an ce a'a.

Ta dawo da roba da ruwa mai ɗumi-ɗumi da tsumma, ta nuna mana yadda za mu goga wuya da hammata. Bayanta wani ya zo ya sake ɗibar jini. Sekar ta yi kuka har muryarta ta dishe.

"Asibiti muka zo ko gidan wanka?" na ce. Ban san maganar ta fita da ƙarfi haka ba, sai da na ga duk ɗakin an juyo.

Mbak Endah ta matse tsumman ta miƙa wa Mbah, sannan ta dube ni. "Pak, kuna da babur?"

"Ina da shi."

"To ga abin da zai fi faɗa amfani. Ku nemo mini Pak Harjo. Ku tambaye shi me ya zuba, kuma nawa a kowane ƙunshi. Idan kun same shi ku kira ni, ku ba shi wayar."

"A nan ba za ku iya gwada garin ba? Duk na'urorin nan?"

"Namu jini suke gwadawa. Gari sai an aika babban birni, kafin amsa ta dawo an daɗe da wuce wurin." Ta kama hannuna ta rubuta lambar ɗakin a bayansa da biro.

Na hau babur. Ko gadar farko ban kai ba ruwa ya tsuge. Na sa ledar ruwa, na cusa hannun mai lamba a ciki don kada ta wanke, ina tuƙi kusan da hannu ɗaya a tsakanin gonakin shinkafa. Gidan Pak Harjo a rufe. Maƙwabciyarsa ta leƙo ta ce duk sun tafi biki a unguwar gaba, 'yar mai unguwa ake aurarwa.

Tun daga nesa ƙarar lasifika ke dukan ƙirji. An rufe hanya da rumfa, sai da na ajiye babur na taka. A bakin rumfa dattawa sun jeru cikin rigunan batik masu zane-zane suna karɓar baƙi, kuma ba a wuce su a guje. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina duƙawa ina ba da hannu, jiƙe sharkaf, da man inji a farce. Kafin in buɗe baki an zaunar da ni, an dire mini shayi mai zaƙi da farantin shinkafa da nama.

"Pak Harjo nake nema," na ce wa matar da ta kawo.

"Ci tukuna, Mas, ba gudu zai yi ba." Mas, wato yaya, haka ake kiran namiji cikin ladabi.

Na kai cokali biyu don kada a ce na raina abincin mai unguwa. Ko ɗanɗanonsa ban ji ba.

Na hango shi can gaba kusa da mawaƙa, da hularsa baƙa, yana kaɗa kai. Na ratsa kujeru ina ba da haƙuri, na durƙusa gefensa na yi magana. Ya kara hannu a kunne. Na sake. Ya yi dariya ya nuna farantina na baya, wai in je in ƙarasa. Sai da na kama hannun rigarsa, abin da ban taɓa yi wa babba ba, sannan ya tashi ya biyo ni bayan rumfa, inda mata ke wanke kwanuka.

"Lafiya, Sarmidi? Ko tayar wani ce ta fashe a bikin?"

Na gaya masa komai. Da na ambaci dengi murmushin ya bar fuskarsa.

"Dengi? Wa ya ce a ba mai dengi puyer ɗin Bagas? Na Bagas ai na Bagas ne! Kullum sai na faɗa musu, idan yaro ya warke a zubar da ragowar. Ba sa ji. Painem ɗin nan ko ƙusa ta tsinta sai ta adana."

"Pak, me ke ciki?"

"Farasitamol dai akwai."

"Sai kuma me?"

Ya ture hularsa baya ya sosa kai. "Me ma ya samu yaron a lokacin? Mura ce ko maƙogwaro?"

"Ban sani ba, Pak."

"To ai nan ne. Idan mura ce, nakan ƙara na atishawa, mai sa barci. Idan da kumburin maƙogwaro da ciwon jiki, nakan sa ibuprofen. Wani lokaci da 'yar ƙwayar rage kumburi. Ya danganta da yaron, ya danganta da abin da ke kabad a watan."

Na kira lambar da ke bayan hannuna, rabinta ta fara narkewa, sai a karo na biyu na dace. Na miƙa masa wayar. Ya toshe ɗaya kunnen da yatsa yana ihu saboda kiɗa.

"E, Mbak... e... a'a, ba zan rantse ba... Yaron babba ne, na auna masa daidai girmansa... Ƙwaya nawa na raba gida nawa? Mbak, yara nawa na haɗa wa magani daga bara zuwa yau?" Ya yi shiru yana saurare. Sai na ga ya ɗan ƙanƙance ido. "Ki ji, tun ba a haife ki ba nake wannan aiki." Ya sake kasa kunne. Muryarsa ta sauka. "Haka ne. Gaskiyarki. Ki ɗauka akwai ibuprofen a ciki. Ni ma da ni ne haka zan yi."

Ya miƙo mini wayar. Mbak Endah ta ce, "Ku dawo, Pak. Ku tuƙa a hankali."

"To yanzu an sani?"

"An san ba a sani ba. Ku dawo."

Pak Harjo ya riƙe kafaɗata ya ce in gaya wa Painem ta zubar da duk abin da ke gwangwanin. Wata mata ta biyo ni da ƙunshin abincin biki ta rataya mini a babur.

Ina tayar da babur waya ta yi ƙara. Warsiti ce, lokacin da tsohonta ke barcin rana. Fuskarta ta cika wayar.

"Mas, kiɗan me nake ji? Kana ina?"

"Wurin biki, amma..."

"Biki? 'Yarka na kwance da ƙarin ruwa kana wurin biki?"

Na yi mata bayani ina tsaye cikin yayyafi. Ta dafe baki. Ta fara kuka, cikin kukan ta ce, "Kai kana ina ta ba ta? Ba kai ne ubanta ba?" Kafin in amsa ta ƙara da cewa, "Kuma kada ka yi wa mahaifiyata faɗa, ka ji? Hawan jininta. Idan ta yi fushi ta koma gida, wa zai zauna da Sekar?" Sai aka kira ta daga ciki da yarensu, ta kashe.

Wato in hana, kuma kada in yi magana. Na zauna a kan babur na ɗan jima kafin in iya ba shi wuta.

Da na koma asibiti la'asar ta kusa. Na tarar da Mbah a baranda, a kan benci, jakarta a cinya ta rungume da hannu biyu. Ba ta dube ni ba. A ciki Sekar na barci, matar gadon kusa na yi mata fifita.

Mbak Endah ta ja ni gefe, kusa da wurin wanke hannu.

"Sakamakon jini ya fito. Hantarta ta ɗan nuna alamar wahala, trombosit ya ƙara sauka."

"Garin ne?"

"Dengi shi kaɗai yana yin haka. Garin ma zai iya. Ba zan ce muku wannan ne ko wancan ba. Likita ta zo ta duba ta, ta rubuta maganin kare ciki, na ba ta, ta ce a dakata da farasitamol sai an ga gwajin gaba." Ta rage murya. "Amma Pak, ban yarda ƙunshi ɗaya ba ne. Jiya da rana zazzaɓinta ya faɗi tun kafin in zo da magani, na yi ta mamaki. Idan tana sha a kan namu tun kwanaki, lissafin likita daban ne, akwai maganin da za a fara don hanta. Na tambayi Mbah sau biyu, ta ce na mayar da ita mai ba jikarta guba. Na roƙi ragowar, ta ce babu. Ni ba ni da ikon buɗe jakar mutum."

"Ni ma ai..."

"Ku ne ubanta, Pak."

Yau sau biyu ke nan ana gaya mini, kamar na manta.

Na fita baranda. Ban zauna a bencin ba, na durƙusa a ƙasa gabanta kamar ranar sallah idan ana neman gafara. Mutane na wucewa da kwanukan abinci suna kallonmu.

"Mbah, ku yi haƙuri. Na ga Pak Harjo. Yana gaishe ku."

"Ya ce guba ne?"

"Ya ce na Bagas ne. Shi kansa bai tuna abin da ya zuba ba."

"Bagas dai ya warke."

"Ya warke, Mbah."

Na ji ina neman hanyar kewayawa kamar yadda na saba, in yi maganar ruwan sama, in yi maganar biki, in bar ta ta gane da kanta. Sai na tuna 'yata na kwance a bayan bangon nan.

"Mbah, sau nawa kuka ba ta?"

"Na faɗa wa yarinyar can."

"Ni nake tambaya yanzu. Kuma ba zan tashi daga nan ba."

Ta dube ni kamar yau ta fara ganina. "Kai kana bakin titi kana facinka, uwarta tana can tana wanke tsohon wasu. Ni ke riƙe da ita. Jikinta ya yi kamar garwashi, in je in kira su, su dubi agogo su ce lokaci bai yi ba. Agogo ne ke zazzaɓin? In zauna in naɗe hannu ina kallo?"

"Ni ma haka na ji ɗazu, Mbah. Har na yi wa nas tsawa a gaban mutane."

"Ai na ji ka. Duk asibitin ya ji ka."

"To sau nawa?"

Ta share ido da bakin gyalenta. "Tun a gida na fara. A nan kuma, duk lokacin da suka ce a jira."

"Jiya?"

"Jiya da rana. Da shekaranjiya. Wataƙila sau biyu shekaranjiya, ko jiya ne sau biyun. Na manta, Le. Ba ƙirgawa nake yi ba."

"Da nawa ne a gwangwanin?"

"Da ɗan dama."

Na miƙa hannu biyu. Ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta zuge jakar, ta ɗaga carbi da man zafi da ƙullin goron taunawarta, ta zaro 'yar leda. Ƙunshi uku suka rage. Ta ɗora mini a tafi ba tare da ta kalle ni ba.

Na kai wa Mbak Endah, na faɗa mata duk abin da na ji, har da wuraren da Mbah ta ce ta manta. Na zaci za ta ce ai ta faɗa. Ba ta ce ba. Ta sa ƙunshin a wata leda ta rubuta sunan Sekar a jiki, ta sake ɗaga waya. Da ta gama ta ce likita za ta dawo da kanta, za a sake gwajin hanta, daga nan za a yanke ko a fara wancan maganin.

Sai ta fita baranda, ta tsuguna inda na tashi.

"Mbah, ina da aiki, kuma ku kaɗai za ku iya. Yara sun yi mini yawa a ɗakin nan, ku kuwa idonku ba ya barin ta. Ku riƙa duba mini dasashinta ko akwai jini, da hancinta. Idan ta yi bayan gida ku duba ko ya yi baƙi. Idan ta ce cikinta na ciwo, ko ta yi amai, ko hannunta ya yi sanyi, ku kira ni da ƙarfi, irin na Pak Sarmidi."

"Wannan ai ba ni da maƙogwaronsa," in ji Mbah. Amma ta tashi, ta bar jakar a kan benci, ta shiga. Ni na ɗauko ta.

Bayan na dawo daga sallar la'asar na tarar da Sekar ta farka, gashinta ya jiƙe da gumi. Mbah ta kama hannuna ta ɗora a goshin yarinyar. Sanyi ƙalau.

"Alhamdu lillahi," in ji Mbah. "Ka gani? Ya sauka." Na san garinta take nufi.

Na yi sauri na kira Mbak Endah, ina jin kamar an sauke mini buhun siminti daga ka. Ta zo ta auna zafi. Ta kama yatsun Sekar ta matsa farce ta saki tana kallo, ta auna bugun jini, ta danna cikinta a hankali, ta tambayi yaushe ta yi fitsari. Ban ga ta yi murmushi ba.

"Ba labari mai daɗi ba ne?" na ce.

"Zai iya zama. Amma a dengi, Pak, lokacin da zazzaɓi ya sauka shi ne lokacin da muka fi sa ido. Wasu daga nan suke warkewa, wasu kuma daga nan ne jiki ke rikicewa. Zan riƙa zuwa akai-akai. Wadda za ta karɓe ni ma zan gaya mata komai, baki da baki, a gaban gadon nan."

"To garin ne ya saukar da shi, ko ciwon ne?"

"Ban sani ba."

"Mbak, tun safe duk abin da na tambaye ki sai ki ce ba ki sani ba."

"Da in ce na sani in ba ta abin da zai cuce ta fa?" Ta gyara robar ƙarin ruwan, ta wuce gado na gaba, na ji tana tambayar yaron sunansa.

Na zauna a kan tabarma. Ƙunshin abincin biki na nan a ƙarƙashin gado, ba wanda ya taɓa. Mbah ta sa Sekar ta buɗe baki, ta karkata kanta wajen hasken taga tana duba dasashi, yarinyar na ƙunƙuni. Waya ta yi ƙara a aljihuna, Warsiti ce, na bar ta tana yi, don ban san me zan ce mata ba.

Likita ba ta iso ba tukuna. Ba mu san abin da ke cikin garin ba, ba mu san sau nawa Sekar ta sha ba, kuma ba mu san ko saukar zazzaɓin nan sauƙi ne ko farkon wani abu ba.